BABI NA HUƊU: TARKEN RA'IN NISAN ZUCI A MA'AUNIN UNGUWANNIN ƘETAREN KOGIN KADUNA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a ɗora wani ra'i na masana halayyar ɗan'adam a kan sikeli, a auna shi da abin da ya auku a unguwannin birnin Kaduna da ke kudu da kogi. Ra'in yana cewa gwargwadon nisan abu da mutum, gwargwadon yadda mutum zai riƙa tunaninsa a dunƙule, ya yi watsi da ƙananan bayanansa. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: shin ƙaurar da mazauna Kaduna suka yi bayan rikicin shekarar 2000, wadda ta mayar da kogi iyaka tsakanin mafi yawan Musulmi da mafi yawan Kirista, ita ce ta sa kowane ɓangare yake kallon ɗaya a dunƙule, ko kuwa kallon dunƙulen ne ya riga zuwa, sannan ya haifar da ƙaurar? Amsar tana da nauyi, domin a kanta ne ake gina shawarar da ake ba gwamnati da ƙungiyoyin sasanci, ko dai a ƙara gadoji da makarantun haɗaka, ko kuwa a bar kowa inda ya ga hankalinsa ya fi kwanciya.

Domin sauƙin bayani, an yi amfani da "nisan ƙafa" da nufin nisan da ake aunawa da mil ko kilomita, sannan "nisan zuci" da nufin yadda mutum yake jin abu ya yi masa nesa a ransa. Haka kuma "kallon dunƙule" na nufin tunanin da ya tsaya a kan jinsi da hali da manufa, shi kuwa "kallon daki-daki" na nufin tunanin da ya sauko kan wane ne, a ina, yaushe, ta yaya. Sai a lura kuma cewa ƙetaren kogi da ake magana a kai daban yake da Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu. Ƙaramar hukumar ta haɗa da Tudun Wada da Tudun Nupawa da Unguwar Sanusi, waɗanda duk suna arewa da kogi, alhali Sabon Tasha da Narayi da Nasarawa suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Chikun. Abin da ake nufi a nan shi ne Kakuri da Makera da Barnawa da Television da Narayi da Sabon Tasha da Nasarawa da maƙwabtansu.

4.1 Abin da Ra'in ya Ƙunsa

Masana biyu ne suka fi fice wajen gina wannan ra'i, wato Yaacov Trope na Jami'ar Niyok da Nira Liberman ta Jami'ar Tel Abib. Sun fara da nazarin nisan lokaci, sannan a shekarar 2010 suka tattara ra'in gaba ɗaya a mujallar Psychological Review. A ganinsu, mutum ba ya iya taɓa komai kai tsaye sai abin da ke gabansa, a nan, a yanzu. Duk abin da ya wuce wannan sai dai ya sawwara shi a zuci, kuma nisan iri huɗu ne: na wuri, na lokaci, na zumunci, da na yiwuwa, wato ko abin tabbas ne ko kuwa ila-ma-sha-Allahu ne. Da zarar nisa ya ƙaru ta ɗaya daga cikin waɗannan fuskoki, sai tunani ya hau sama, ya bar tambayar "ta yaya" ya koma tambayar "don me".

Gwajin da ya fi shafar wannan bincike shi ne wanda Kentaro Fujita da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2006. An sa ɗaliban Jami'ar Niyok su sawwara suna taya wani aboki ƙaura zuwa sabon gida. Wasu aka ce musu gidan yana kusa da Niyok, wasu aka ce yana wajen Los Anjalis, tafiyar kimanin mil 3,000. Da aka tambaye su ma'anar ƙananan ayyuka, alal misali kulle ƙofa, waɗanda aka ba gida na nesa sun fi karkata ga cewa tsare gida ne, na kusa kuwa sun fi yarda da cewa sa makulli ne a cikin kwaɗo. A gwaji na biyu an nuna wa ɗalibai hoton bidiyo guda ɗaya, aka ce wa wasu a Niyok aka ɗauka, wasu kuma a Fulorens ta ƙasar Italiya. Waɗanda suka ɗauka daga Italiya hoton ya fito sun fi bayyana mutanen ciki da kalmomin hali, maimakon kalmomin aiki.

4.2 Shaidar Harshen Hausa

Kafin a kai ra'in Kaduna, ya kamata a tambayi harshen da ake magana da shi a gaɓoɓin kogin biyu, domin Hausa ce harshen kasuwa da tasha a birnin, kuma da ita ake wa'azi a masallatai da ma majami'u da dama. A wannan fage ra'in ya samu goyon baya mai ƙarfi.

Bayanau na wuri a Hausa matakai huɗu gare shi, kuma karin sauti ne yake rarrabe su. Akwai "nân" mai karin sauti faɗau, wato wurin da mai magana yake. Akwai "nan" mai karin sama, wurin da mai sauraro yake. Akwai "cân" mai faɗau, wurin da ya nisanci su biyun amma ido yana iya kaiwa. Sai "can" mai karin sama, wurin da ya yi nisa ƙwarai. Philip Jaggar da Malami Buba sun yi wa waɗannan kalmomi nazari na musamman a shekarar 1994, inda suka nuna cewa aikinsu ya wuce wuri ya shiga lokaci. Duk mai jin Hausa zai tabbatar da haka: ana cewa "nan da nan" da "nan gaba kaɗan", ana kuma cewa "can baya" da "can wata rana". Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda kalmar take shiga zumunci. Idan Bahaushe ya ce "can ta matse musu", ko "ya je can ya ƙarata", babu ruwansa da mil nawa ne tsakaninsu. Mai yiwuwa ma wanda ake maganar yana zaune a tabarma ɗaya da shi. Cire shi ya yi daga zuciyarsa, kuma da kalmar wuri ya cire shi. Haka "makusanci" da "dangi na nesa" da "nisanta kai" duk aro ne daga nisan ƙafa. Karin maganar nan da ke cewa zumunci a ƙafa yake ta faɗi rabin ra'in Trope da Liberman tun kafin a haife su.

Ta fuskar hawan tunani ma nahawun Hausa yana da tsani bayyananne. A dubi waɗannan jimloli da aka tsara domin misali:

(a) Ya rage mudu jiya.
(b) Yakan rage mudu.
(c) Macuci ne.
(d) Ai halinsu ne.

A jimla ta (a) akwai aikatau da lokaci da abin da aka yi. Ana iya kiran shaida, ana iya ƙaryatawa. A (b) lokaci sabau ya share ranar. A (c) ɗafa-goshin "ma-" da dirkar "ne" sun mayar da aikin ya zama sunan mutumin, babu sauran mudu babu sauran jiya. A (d) mutumin kansa ya ɓace, wakilin suna na jam'i ya haɗiye shi. Wannan tsani ya yi kama da wanda Gün Semin da Klaus Fiedler suka tsara a shekarar 1988, wanda da shi ne aka auna kalaman ɗaliban Niyok. Muhimmin abu a nan shi ne, jimlar (a) sai wanda yake kusa ne zai iya yin ta, domin sai ya gani. Jimlar (d) kuwa ba ta bukatar gani ko kaɗan, "wai" kawai ta ishe ta.

4.3 Yadda Nisa ya Samu

Kudancin kogi ba a matsayin unguwar addini ya tashi ba. Unguwar ma'aikata ce. A nan tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction take. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Masaƙar United Nigerian Textiles da ta Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, ma'aikatar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban mutane suka kwararo daga Kudancin Zazzau da Filato da Binuwai da ƙasar Nufe da ƙasar Hausa da kudancin Nijeriya, suka tarar da Gbagyi, suka kama ɗakunan haya gida ɗaya. Sunayen mazaɓu irin su Kakuri Hausa da Kakuri Gwari suna nuna cewa tun farko akwai rukunin ƙabila, amma rukunin da ke jingine da juna ne, mazaunansu suna amsa kiran jiniya ɗaya. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Kaduna, kuma wadda Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982, ta haɗa waɗannan mutane a kan albashi da awoyin aiki. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi sukutum a kan ƙarfin wannan ƙungiya a shekarar 1998.

A ranar 21 ga Fabrairu 2000, zanga-zangar da Kiristoci suka yi ta ƙin amincewa da shirin ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar ta rikiɗe ta zama faɗa, aka kuma sake wani a watan Mayu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 ne suka rasu. A watan Nuwamba 2002 aka yi rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya, inda kimanin mutum 250 suka rasa rayukansu. Na bayan zaɓen Afrilu 2011 ya ƙara ɗaure abin da na baya suka fara. Bayan kowane rikici sai a ga motocin kaya suna ƙetare gada: Kiristocin Rigasa da Tudun Wada da Kawo suna gangarawa Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmin waɗannan unguwanni kuma suna haurawa arewa. Wasu sun sayar da gidajensu da araha, wasu sun yi musaya. Rabuwar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, domin Barnawa ta ci gaba da zama a gauraye, akwai kuma Musulmi da yawa a Makera da Kakuri da Nasarawa, amma fasalin birnin ya sauya.

A daidai wannan lokaci ne kuma masaƙu suka durƙushe. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007. Manazarta da yawa sukan ambaci wannan a babin tattalin arziki, su ambaci ƙaura a babin addini, kamar abubuwa biyu ne da ba su san juna ba. A ma'aunin wannan bincike kuwa abu ɗaya ne: cikin 'yan shekaru kaɗan mutumin Kakuri ya rasa maƙwabcin da suke tsakar gida ɗaya, ya kuma rasa abokin aikin da suke tsaye gaban inji ɗaya.

4.4 Inda Ra'in ya yi Daidai

Babbar shaidar da ra'in zai kafa a Kaduna ita ce laƙabin da ya yaɗu a bakunan mutane har jaridu suka riƙa ambatonsa, wato kiran arewacin kogi "Makka", kudancinsa kuma "Jerusalem". Daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zuwa Barnawa tafiya ce ta mintoci a mota, amma sai da aka je wata nahiya aka aro sunayen birane biyu kafin a iya faɗin yadda wuraren suka yi nisa a zuci. Sunan kuma ya yi aikin jimlar (d) da aka kawo a sama. Wanda ya ce "Kakuri" zai iya tuna bakin masaƙa da layin masu abinci da wane mai gyaran keke. Wanda ya ce "Jerusalem" bai bar komai ba sai addini. Wani abin lura shi ne, ko a Hausa birnin da aka aro sunansa suna biyu gare shi: Musulmi suna cewa Ƙudus, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma yana cewa Urushalima. Ke nan ko fassara laƙabin aka tashi yi, sai an zaɓi gaɓar kogin da za a tsaya.

Abu na biyu shi ne irin ilimin da ya ɓace. Mazauna kudu da yawa suna ƙetare gada kowace safiya zuwa sakatariya da kasuwa da bankuna, 'yan kasuwar arewa kuma suna kai kaya kudu. Saboda haka ba za a ce an daina ganin juna ba. Abin da aka daina shi ne kwana kusa da juna. Haɗuwar rana haɗuwa ce ta mai saye da mai sayarwa, ko ta ma'aikaci da mai neman fayil, kowa yana sanye da rigar matsayinsa. Bayanan daki-daki kuwa, waɗanda suke sa mutum ya zama wane ɗan wane, da dare da asuba ake samunsu: kukan jaririn maƙwabci, tarin tsohuwarsa, rancen gishiri, zaman makoki, naman layya da ake miƙawa da Babbar Sallah da shinkafar da ake mayarwa da Kirsimeti. Yaron da aka haifa a Sabon Tasha ko a Rigasa bayan 2000 yana iya gama firamare da sakandare bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da yaron ɗaya gaɓar ba. Irin wannan yaro ba shi da kayan gina jimlar (a), sai dai ya gaji ta (d). A nan ra'in ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗe ta fiye da bayanan da suke tsayawa ga cewa "jahilci ne" ko "talauci ne".

4.5 Inda Ra'in ya Gaza

Matsala ta farko ita ce ta jerin aukuwa. A watan Fabrairu 2000 ba a riga an rabu ba. Mutanen da suka far wa juna suna zaune ne a gauraye, kuma gaurayar ce ma ta sa asarar ta yi yawa, domin duk wanda ya kasance tsiraru a unguwarsa ya rasa mafita. Abin da aka yi faɗa a kansa kuwa doka ce da ba a riga an zartar ba, ana dai muhawara a kanta a Majalisar Dokokin Jiha. Tsarin da gwamnatin Ahmed Makarfi ta fito da shi a Nuwamba 2001, mai kotunan shari'a da kotunan gargajiya, ya zo ne bayan an riga an binne mutane. Na 2002 ma haka yake: gasar a Abuja aka shirya yin ta, rubutun da ya tunzura jama'a a jaridar ThisDay ya fito, amma wuƙa a kan na kusa ta sauka. Ke nan abin da ke nesa, ta fuskar yiwuwa ko ta fuskar wuri, shi ya shigo da kallon dunƙule, kallon dunƙulen kuma ya rufe fuskar maƙwabcin da ake gani kullum. Nisan zuci ne ya riga, nisan ƙafa ya biyo shi.

Adalci ne a faɗi cewa Trope da Liberman sun yarda alaƙar tana tafiya ta fuska biyu, wato kallon dunƙule shi ma yana sa abu ya yi nisa. Amma yarda da haka bai amsa tambayar da Kaduna take yi ba. Ra'in ba shi da gurbin tsoro. Ɗalibin Niyok da aka ce ya sawwara Los Anjalis babu abin da zai same shi a can. Magidancin da ya kwashe iyalinsa daga Tudun Wada zuwa Narayi, ko daga Television zuwa Rigasa, lissafin rai ya yi. A wurinsa nisa garkuwa ce, kuma duk mai ba da shawarar a koma zaman gauraye ba tare da ya amsa masa tambayar "wa zai tsare ni?" ba, daga nesa yake magana, shi ma a dunƙule yake kallon lamarin. Haka nan ra'in ba shi da gurbin wanda yake amfana da rabuwar, kamar ɗan siyasar da akwatin zaɓen unguwa mai addini ɗaya ya fi masa sauƙin lissafi.

Matsala ta biyu ita ce, ra'in yana ɗaukar cewa nisa yana dunƙule komai daidai wa daida, alheri da sharri. Binciken Anne Maass da abokan aikinta na shekarar 1989 ya nuna akasin haka. Sun yi nazarin ƙungiyoyin unguwanni masu gasar tseren dawaki a garin Ferrara na Italiya, suka gano cewa mutum yakan dunƙule alherin nasa da sharrin abokin hamayya, sannan ya rarrabe sharrin nasa da alherin abokin hamayya daki-daki. A Hausa sai a ce: namu "mutumin kirki ne", nasu kuwa "ya taimaki wata tsohuwa ranar nan", namu "ya yi kuskure", nasu "mugu ne". Mutanen Ferrara gari ɗaya suke, babu mil 3,000 a tsakaninsu. Wannan ya fi kama da Kaduna nesa ba kusa ba, kuma yana bayyana dalilin da ya sa labarin Musulmin da ya ɓoye Kirista a ɗakinsa, ko Kiristan da ya ɓoye Musulmi, ba ya rushe jimlar (d). Ana ajiye shi ne a matakin (a), a ce "shi dai wannan daban yake".

Matsala ta uku ta shafi kusanci. Hikimar Hausa ba ta yarda cewa kusa alheri ce zalla ba. Waɗanda suka ce zumunci a ƙafa yake su ne suka ce zo mu zauna zo mu saɓa, suka kuma ce ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Shi ma kallon dunƙule ba sharri ba ne zalla, domin da shi ake maganar adalci da haƙƙin ɗan ƙasa da alfarmar rai. Sanarwar zaman lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a ranar 22 ga Agusta 2002, da irin wannan harshe aka rubuta ta. Sai dai wata uku bayan sa hannun aka yi rikicin Nuwamba. Idan aka kwatanta wannan da labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi ɗawainiyar shirya sanarwar, za a ga bambanci. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kuma cikin abubuwan da suka sha ambata cewa sun sassauta zukatansu akwai zuwan Ashafa duba mahaifiyar Wuye da ba ta da lafiya. Dubiya aiki ne na matakin (a), mai rana da wuri da fuska.

A ƙarshen wannan sashe ya dace a ambaci raunin hujjar ɗakin gwaji ita kanta. Mafi yawan gwaje-gwajen farko a kan ɗaliban jami'o'in Amurka da Isra'ila aka yi su. Wani gwaji mai alaƙa da ra'in, wanda Lawrence Williams da John Bargh suka buga a 2008, ya yi da'awar cewa sa ɗigo biyu nesa da juna a kan takarda yana rage wa mutum jin kusanci da danginsa. Harold Pashler da abokan aikinsa sun maimaita shi a 2012 ba su samu wannan sakamako ba. Wannan bai rushe ra'in ba, amma ya isa ya hana a ɗauke shi kamar yankan wuƙa.

4.6 Gwajin da aka yi a Kaduna

An yi sa'a akwai gwajin da aka gudanar a cikin birnin kansa. Alexandra Scacco da Shana Warren sun buga sakamakonsa a mujallar American Political Science Review a shekarar 2018. Sun zaɓi samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin talakawa da rikici ya saba shafa. Ta hanyar ƙuri'a aka ba kimanin 550 daga cikinsu damar koyon kwamfuta na mako 16, sauran aka bar su domin kwatance. Wasu an sa su a aji mai gauraye, wasu a aji na addini ɗaya. Ba a yi musu wa'azin zaman lafiya ba, kwamfuta kawai aka koyar. Bayan an gama sai aka auna abu biyu: ra'ayinsu game da halin mabiya ɗaya addinin, da kuma yadda za su raba kuɗi na gaske da wani saurayi da ba su san komai game da shi ba sai sunansa na yanka, wanda daga shi ake gane addininsa.

Ra'ayin bai motsa ba. Wanda ya shiga aji da jimlar (d) a bakinsa da ita ya fita, ko da kuwa ya yi wata huɗu yana zaune kusa da wanda jimlar take zagi. Amma wajen rabon kuɗi, 'yan aji mai gauraye sun fi 'yan aji na addini ɗaya adalci ga baƙon suna. Da aka kwatanta su da waɗanda ba su shiga aji ba ko kaɗan, sai aka ga inda bambancin ya fito: gauraya ba ta rage wariya ƙasa da yadda take a gari ba, zaman mu-ya-mu ne ya ƙara ta.

Wannan sakamako ya saɓa wa fatan masu bin ra'in Gordon Allport na 1954, mai cewa cuɗanya tana rage ƙyama, ya kuma gyara wa ra'in nisan zuci zama. Ya nuna cewa matakan tunanin biyu suna iya zama a ƙirji ɗaya ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba: saurayi yana iya yi wa mutum ɗaya adalci da hannunsa alhali bakinsa yana yanke wa jama'arsu hukunci. Saboda haka duk shirin sasanci da yake auna nasararsa da abin da mutane suka faɗa a takardar tambayoyi yana iya cewa ya gaza alhali ya yi aiki, ko ya ce ya yi nasara alhali kalmomi kawai ya sauya. Na biyu, idan mako 16 na zaman aji ɗaya da 'yan addininka kaɗai ya isa ya ƙara wariya, to sai a yi tunanin unguwar da ta shafe fiye da shekara 20 a haka, da makarantarta da filin ƙwallonta da majalisar shayinta. Dole dai a yi hattara wajen faɗaɗa sakamakon, domin samari maza kaɗai aka gwada, kuma aji ba unguwa ba ne.

Gwamnatin Nasir El-Rufai, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta gina sabuwar gada tsakanin Kabala Costain da Barnawa, kuma babu shakka ta rage cunkoso da nisan ƙafa. Sai dai gada tana kai mutum ne ga haɗuwar rana, ta dawo da shi gida kafin magariba. Abin da ya yi kama da aji mai gauraye a tarihin kudancin kogi shi ne zauren masaƙa, inda mutum yake shafe awa takwas kafaɗa da kafaɗa da wanda bai zaɓa ba, a kan aikin da babu ruwansa da addinin kowa. Tsofaffin ma'aikatan Kaduna Textiles sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu na sallama bayan rufewar 2002, gwamnatocin jihohin Arewa 19 da suka mallaki masaƙar kuma sun sha yin alkawarin farfaɗo da ita.